Wa'adin Faifai na Ɗaya

Tsohon ya zo biro, wato ofishinmu, ranar Talata, ranar kasuwar Diffa. Ya tsaya bakin ƙofa ya yi sallama, bai shigo ba sai da na ce masa bismilla har sau biyu. Da ya zauna ya gama gaisuwa, ya ce ya zo karɓar muryar yayansa.

Na gane abin da yake nufi, don ni na ɗauki muryoyin da hannuna. Lokacin da tashin hankali ya taso mutanen bakin kogin Komadugu daga garuruwansu, da yawa suka zauna Asaga, gonakinsu suka yi shekaru babu mai taka su. Gonar tattasai kuwa ba ta da katanga. Iyakarta kunyar ƙasa ce, da itace, da abin da tsofaffi suka riƙe a ka. Kogi ya cika sau biyu kunya ta baje, masu neman itacen girki su sare itace, sai kan tsoho kaɗai ya rage, shi ma ba dawwama zai yi ba. Shi ya sa ƙungiyar manoman tattasai da nake yi wa aiki ta ce a bi tsofaffi rumfa-rumfa, kowa ya faɗi iyakar gonar gidansu gaban shaidu biyu, a ɗauka a ajiye. Na yi watanni ina zama kan tabarmin mutane da ƴar na'urar ɗaukar magana, ina shan shayin da ban nema ba.

Ni ba ƴar gona ba ce. Iyayena Damagarawa ne, babana yana da shagon buhuna da igiya a kasuwa, a nan Diffa aka haife ni, na tashi ina jin Barbarci a bakin masu sayayya har na iya. Aikin kwamfuta na koya a Damagaram, na dawo ina ji da kaina. Kuma ina da zuciya, wannan kowa a biro ya shaida. Innata takan ce da zuciya ake dafa tuwo, da gidanmu bai taɓa sayen itace ba.

Tsohon ya yi mini bayani a hankali. Yayansa ya rasu da bazara. Yanzu an ba su damar komawa noma wajen Barwa, ruwan kogi ya iso, kowa ya fito da injin ban ruwansa. Da ya je gonarsu ya tarar maƙwabcinsu ya ja fangalinsa har cikin wurin da shi ya sani nasu ne tun yana yaro, ya kuma tare masa hanyar da tiyo ke bi zuwa ruwa. Bulama, mai garinsu, ya ce su kawo maganar marigayin kafin Juma'a ta sama, in ba haka ba ya raba yadda ya ga dama. Ga irin tattasai da ya yafa ya isa dashe, in ya ƙara sati biyu ya tsufa.

«Baba, wannan ai abu mai sauƙi ne,» na ce, na juya kujera ina taɓa kwamfuta da yatsa ɗaya don ya ga gwaninta.

Na sami sunan, na kunna. Murya ta fito tana sallama. Tsohon ya karkata kunne, ya girgiza kai.

«Wannan ba yayana ba ne, ƴata. Wannan na gidan masunta ne. Shina nan da ransa, jiya ma mun yi Azahar tare.»

Sunansu ɗaya, sunan ubansu ɗaya, garinsu ɗaya. A bakin kogin nan in ka tsaya tsakiyar gari ka kira suna guda, mutum biyar za su waiwayo. Ni da na tashi a nan na fi kowa sanin haka. Amma wata takwas da suka wuce, wata rana ina gyaran dosiyoyi, wato fayilolin kwamfuta, na ga suna ɗaya sau biyu, na yi tsaki na ce wane sakarai ne ya kwafi abu sau biyu, na goge ɗaya. Nan take na tuna da wannan tsakin. Ban faɗa wa tsohon ba. Na ce masa muryar tana cikin ajiya, ya ba ni kwana biyu. Ya yi godiya ya tafi kasuwa.

A lokacin ban tsorata sosai ba, don muna da ajiya. Wani ma'aikaci daga Yamai ya zo ya kafa mana ita. Faya-fayan ajiya biyar ne, waɗanda a biro muke ce wa diski, na rubuta wa kowanne lambarsa da farin fenti. Kullum da ƙarfe ɗaya na rana, lokacin da hasken rana ya fi ba mu wuta, manhajar ajiya takan kwafi abin da ke cikin kwamfuta ta zuba a faifan da ke jone. In ya cika, wajen wata biyu ke nan, sai ta nemi na gaba. Tana da rajista inda take rubuta abin da ke cikin kowane faifai. Tana kuma da wa'adi: in faifai ya kai wa'adinsa tun ranar da aka yi masa rubutun ƙarshe, sai ta share shi daga rajista, ta ɗauke shi a matsayin buhun da aka zazzage. Ranar da na biyar ya cika, sai ta nemi mafi tsufa ta yi sabon rubutu a kansa.

Wa'adin wata uku mutumin Yamai ya sa. Ya ce ya isa, don wanda ya goge abu bisa kuskure kafin sati ya yi ihu. A Yamai wataƙila. A nan babu mai buɗe dosiyen gona sai sau ɗaya a shekara, ranar da ruwa ya iso aka fara jan fangali, maƙwabci ya kalli maƙwabci. Na yi wannan tunanin da kaina bayan ya tafi da ƴan watanni, na shiga tsarin manhajar na mai da wa'adin wata goma sha huɗu, shekara guda da ɗoriya. Har na je na faɗa wa shugaban ƙungiyarmu, Alhaji, cewa na gyara abin da ɗan Yamai bai hango ba.

To, da tsohon ya fita na buɗe rajista ina ƴar waƙa. Babu muryar. Na duba faifai na ɗaya, wanda shi ne a jone kafin in yi gogewar, na ga an rubuta gabansa cewa babu komai, a shirye yake a sake amfani da shi. Na biyu haka, na uku haka.

Na kira mutumin Yamai, ban ko gaishe shi da kyau ba. Ya saurare ni har na gama, sannan ya yi wata ƴar dariya da na ji kamar in shiga cikin wayar.

«Madam, dokar rukunin gaba ɗaya kika canza, ba ta kowane diski ba. Kowane diski shina riƙe da wa'adin da aka ba shi ranar da aka yi mishi rajista. Sabon da za ki kawo gaba shi ne zai ɗauki sha huɗu. Tsofaffin sai kin bi su ɗaya-ɗaya.»

«Kuma ka tahi ba ka gaya mini ba? Mi ya hana ka buɗe baki?»

«Kin tambaye ni? Kar ki cinye ni, Madam. Diski na ɗaya shina ina yanzu?»

Yana cikin kabad, kabad a kulle, makulli a aljihun Alhaji. Alhaji mutum ne da ko makullin bayan gida in ya samu sai ya sa a zobensa. Ya tafi ta'aziyya Fulatari kwana huɗu ke nan da makullin, faifai na biyar ya cika washegarin tafiyarsa, manhaja tana ta neman na ɗaya kullum da ƙarfe ɗaya, ni kuma ina ta kiran Alhaji ina masifa cewa ya tsai da aiki. Da makullin yana hannuna, da tuni na jona faifan da kaina, da bismilla ma.

«To ki gode wa Allah da Alhajinku,» in ji mutumin Yamai. «Shafin rajista kawai ta yaga. Kayan suna cikin diski muddin ba ta yi sabon rubutu ba. Amma kika jona shi tana farke, minti ɗaya ya isa.»

Wani hanin ga Allah baiwa ne. Na ajiye waya na zauna, na rasa ko dariya zan yi ko kuka.

Alhaji ya dawo Laraba, sha biyu da rabi, bai ko je gida ba. Masifata ta kwana huɗu ta ishe shi, ya shigo da makulli a hannu, ya buɗe kabad, ya ɗauko faifai na ɗaya ya nufi tebur zai jona da kansa don ya huta da bakina. Na tashi na tsaya tsakaninsa da tebur.

«Alhaji, kar ka sa shi.»

«Ikon Allah! Ke da kika hana ni zaman makoki lahiya saboda abin nan?»

Babu hanyar da zan hana shi ba tare da na faɗi gaskiya ba. Na faɗa, tun daga tsakin har zuwa wa'adin da na yi alfahari da shi. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar nan ba, don gaban magatakarda da mai shara na yi maganar. Alhaji ya dube ni ta saman tabarau.

«Ashe gyaran naki na gangar auzinawa ne.»

Na san na cancanci zagin. Tsuntsun da ya ja ruwa, shi ruwa kan doka.

Sai ya kawo maganar da ta fi zagin ciwo, don gaskiya ce. Kwana biyar ke nan babu ajiya. In kwamfutar ta mutu yau, aikin mutane da yawa zai tafi saboda muryar mutum ɗaya. Na ce masa ya ba ni faifai na uku in ba manhaja ta ci, don an fara shi ne bayan gogewar da watanni, babu abin da ke cikinsa da na san ya ɓata. Na ɗaya kuwa, sai dai a ɗauke ni daga wurin nan a ɗauke shi. Ya daɗe yana juya faifan a hannu. Daga baya ya miƙo mini, ya ce in na sake kiransa a wurin ta'aziyya ya san abin da zai yi da ni.

Kafin ƙarfe ɗaya na tsai da manhajar. Na shiga rajista na sa wa faifai na ɗaya alamar karatu kawai, na duba, na fita, na sake shiga na duba, don na daina yarda da idona. Na ba ta na uku ta yi aikinta. Da ta gama, na jona na ɗaya, na sa ta karanta shi daga farko har ƙarshe ta sake gina shafin da ta yaga.

Aikin awa da yawa ne, kuma in wuta ta yanke sai a koma farko. Damina ce. Ranar nan hadari ya rufe rana da La'asar, batir ya ƙare, muka koma farko. Alhamis ma haka. Tsohon ya zo kamar yadda na ce masa, daga Asaga, ya zauna kujerar da ya zauna. Wannan karon na faɗa masa abin da na yi. Na ce Baba, ni na goge yayanka da hannuna, ina neman sa, ban san ko zan same shi ba. Ya dubi kwamfutar, ya dube ni.

«Ki neme shi, ƴata,» ya ce. Ya tashi ya tafi, bai sha ruwan da na kawo masa ba. Da ya zage ni da na fi samun sauƙi.

Juma'a da sassafe na je shagon babana na ce ya ara mini ƙaramin grup ɗinsa, wato janareta. Ya ce shago fa? Na ce buhu ba ya bukatar fanka. Ya yi dariya ya ce in ɗauka, sai dai in gaya masa wace wuta na kunna wannan karon. Ina ba shi labari yana jera buhuna, tsofaffi gefe guda, sababbi gefe guda. Tun ina yarinya nake ganin yadda manoma ke sayayya a shagon nan. Na zuba tattasan kasuwa sukan sayi tsofaffin buhuna, a zazzage a sake cikawa har su yage. Amma kowa kan sayi sabo guda ɗaya na iri, in ya cika shi ya ɗaura masa jan ƙyalle a baki ya rataye, don kada wani cikin gaggawa ya ɗebi na miya a ciki. Babana ya ce, «Ke duk buhunanki biyar na kasuwa kika mai da su, ba ki ware na iri ba.» Ya yi gaskiya, amma ban saba ba shi ita da wuri ba. Na ɗora grup a amalanke muka tafi biro.

Kwana biyu grup yana ruri a bakin ƙofa, magatakarda yana toshe kunne yana harara ta. Ni kuma ina zaune da takarda da alƙalami ina sake tsarin ajiyar daga tushe. Na raba faya-fayan rukuni uku. Biyu na aikin yau da kullum, wa'adinsu gajere, a zazzage a sake cikawa. Biyu na shekara, waɗanda sau ɗaya a wata ake zuba musu komai, wa'adinsu wata goma sha huɗu, don kowane kuskure ya jira ruwa ya iso ya tona shi. Sai guda na muryoyi, wanda na rufe masa ƙofar sake amfani gaba ɗaya. Wannan karon ban tsaya kan dokar rukuni ba. Na bi faya-fayan ɗaya-ɗaya na canza wa kowanne, na sa manhaja ta nuna mini ranar da kowanne zai cika wa'adi, na kwafe a takarda na manna a ƙofar kabad. Na kira mutumin Yamai na karanta masa, na ma gaishe shi da iyali.

Lahadi da hantsi karatun ya kai ƙarshe. Na ga sunan sau biyu, ɗaya bisa ɗaya, kamar yadda na gan su ranar tsaki. Na dawo da wanda na goge, na kunna, na ji sallamar wani tsoho mai kakkausar murya, na kashe nan take, don ba ni ya kamata in fara ji ba. Na bi sauran na gano wasu muryoyi biyu da na yi wa irin wannan aika-aika a rana guda, masu su ba su ma sani ba tukuna. Na yagi bakin wani tsohon ɗankwalina ja na ɗaura wa faifai na ɗaya. Alhaji ya gani ya ce na fara tsubbu.

Talata na shiga motar Asaga da kwamfutar hannu da ƙaramar lasifika. Aka taru a rumfar Bulama: tsohon a gefe, maƙwabcinsa a gefe, shaidun nan biyu da wasu dattawa. Na ajiye lasifikar tsakiyar tabarma na kunna.

Muryar ta yi sallama. Tsohon ya amsa da ƙarfi, kafin ya tuna, sai ya sunkuyar da kai. Babu wanda ya yi dariya.

Marigayin ya bi iyakar da Barbarci, a tsanake, kamar yana tafiya a kanta. Daga tsamiya zuwa tsohuwar rijiya. Daga rijiya a miƙe zuwa inda kogi ya karya. Hanyar tiyo tasu ce tun kakansu, wannan ya faɗa sau biyu, na ga maƙwabcin ya kau da kai. Na fara jin daɗi. Sai muryar ta yi tari ta ci gaba. Ta ce tsakanin goruba da magudanar ruwa ba nasu ba ne. Ubansu ya ara daga uban maƙwabci wata shekara da aka yi yunwa, suka yi ta nomawa har ƙanen marigayin, tsohon nan, ya tashi yana zaton gado ne. Duk ranar da masu shi suka nema, a ba su, a kuma yi musu godiya.

Wurin da ake rigima a kansa ke nan, babu ragi.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Kwana biyar ina fama da hadari da grup da bakin Alhaji, ashe abin da zai raba bawan Allah da mafi kyawun gonarsa nake tonowa. Har na ji ina fushi da mamacin. Tsohon ya ɗaga hannu ya ce a sake sa wurin. Na mayar baya. Ya saurara idonsa a rufe. Da ta ƙare ya juya wajen maƙwabcinsa.

«Yaya ya hwaɗa. Wurinka ne. Mun gode da aro.»

Bulama ya ce a buɗe hanyar tiyo kafin gobe, dashe ba ya jira. Aka shafa Fatiha.

Tsohon ya rako ni bakin hanya, yana riƙe mini jakar lasifika duk da na hana. Na ce, «Baba, ka yi haƙuri. Da na san abin da ke ciki…»

«Da kin yi mi?»

Na kau da kai ina duba ko mota na tafe.

Ya tambaye ni har yaushe na'urata za ta riƙe maganar. Na ce wannan ba ta da wa'adi, na ɗaura mata jan ƙyalle. Ya gyaɗa kai, bai nemi ƙarin bayani ba.

«Madalla. Jikokina a wurin aron nan suka koyi dashe. Wata rana za su zo su ce nasu ne, da gaskiyarsu, yadda na zo. Ki sa musu shi.»

Mota ta tsaya, direba yana ta oda. Tsohon bai saki jakar ba. Ya ce in ba damuwa in ƙara kunna masa farkon, wurin gaisuwar kaɗai, don ɗazu cikin mutane bai amsa da kyau ba. Na ce wa direba ya tafi, zan jira ta gaba. Na tsuguna bakin hanya na buɗe kwamfutar a kan gwiwata. Yayan ya yi sallama, ƙanen ya amsa har ƙarshe, ya tambaye shi kwanan gida, ya tsaya yana jira.